Amfanin Gonarka da Lafiyar Mai Juna Biyu da Jariri: Darasi Daga Unguwar Abatuwa ta Jos

Ya kai manomi, da kai malamin gona, duk wanda ya san unguwar Abattoir a garin Jos, wadda bakin jama'a ya mayar Abatuwa, ya san cewa ta samo sunanta ne daga babbar mayankar garin. Tun da sassafe mahauta ke fitowa da nama, da hanta, da sauran kayan ciki. A gefen hanya kuma ga masu kabeji, da karas, da alayyafo, da dankalin Turawa, waɗanda ƙasar Filato ta yi suna da su har Legas da Fatakwal. Da wuya a sami wata unguwa a Arewa da abinci mai gina jiki ya kusanci ƙofar gida kamar nan. Amma a wata ziyara da muka kai wa wasu mata masu lambu a yankin, na nemi wata mai goyo ta nuna mini abin da ɗanta mai wata tara ya ci tun safe. Sai ta ɗauko kofin koko tsararo da sukari. A daidai lokacin kuwa mijinta na ɗaure buhunan karas da za a kai kasuwar Farin Gada. Abin da na gani a gidan nan shi ya sa na rubuta wannan maƙala, domin mun daɗe muna koya wa manomi yadda zai ƙara yawan buhu, ba mu cika tambayar abin da ke isa kwanon matarsa da na ɗansa ba.

Kwana dubu na farko

Masana abinci suna ƙirga kwana 1,000 daga ranar da ciki ya shiga zuwa ranar da yaro ya cika shekara biyu, wato kwana 270 na ciki da kwana 730 bayan haihuwa. A wannan tsakani ne ƙwaƙwalwa da ƙashi da garkuwar jiki suke ginuwa da sauri fiye da kowane lokaci a rayuwar mutum. Yaron da ya tsumbure a cikin waɗannan kwanaki, wato tsawonsa ya gaza na sa'o'insa saboda rashin ingantaccen abinci da yawan laulayi, yana da wuya ya cike giɓin daga baya ko da abinci ya wadata. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, kuma mata masu juna biyu 61 cikin 100 suna fama da ƙarancin jini. Kai manomi ka fi kowa fahimtar wannan magana. Masarar da ta rasa taki a makonni shida na farko, ko ka juye mata buhu guda bayan ta fitar da goyo, ba za ta kamo ta maƙwabcinka ba.

Jinin mai juna biyu

A lokacin goyon ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, saboda haka buƙatarta ta sinadarin ƙarfe, wanda da shi jiki ke haɗa jini, tana hauhawa ƙwarai. Idan ya yi ƙaranci za ka ga tana yawan gajiya da jiri da haki, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari. Irin wannan mace ita ce ɗan zubar jini wajen haihuwa ke iya kayarwa, kuma ita ce ta fi haifar jariri da bai kai kilo biyu da rabi ba.

A nan ne zama kusa da mayanka yake da rana. Sinadarin ƙarfen da ke cikin jan nama, da hanta, da ƙoda, da zuciya ya fi na ganye da wake saurin shiga jiki, kuma ko 'yar tsoka ce aka jefa a miyar ganye tana taimaka wa jiki ya tsotsi na ganyen. Sai dai akwai gargaɗi game da hanta. Tana ɗauke da bitamin A mai yawan gaske, kuma idan ya yi yawa a watanni uku na farko yana iya yi wa halittar ɗan tayi illa. Saboda haka ɗan yanki kamar girman kwalin ashana sau ɗaya a mako ya wadatar, kada a mai da ita abincin kullum. Ita kuwa ganda, wadda mata da yawa ke saya saboda arha, ba ta ƙara jini, kuma wadda aka babbake da tsohuwar tayar mota gara a bar wa mai ita. Kowane irin nama a tabbatar ya dahu har ciki. Madarar shanu ma a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita nono, domin tarin fuka na shanu da cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, suna iya kama mutum ta ɗanyar madara. Likitocin dabbobi na cibiyar bincike ta ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa tun 1924, sun daɗe suna faɗakarwa a kan waɗannan cututtuka.

Akwai wata ɗabi'a tamu ta mutanen Jos da sanyi ya koya mana, wato shan shayi tare da abinci. Ganyen shayi yana ɗaure sinadarin ƙarfe ya hana shi shiga jiki. Mai ciki ta bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi. Abin da ya dace ya biyo bayan tuwo shi ne lemo, ko gwaiba, ko mangwaro, ko ɗanyen tumatir, domin bitamin C da ke cikinsu yana buɗe wa ƙarfen hanya.

Abinci kaɗai ba ya cike buƙatar ƙarfe a lokacin ciki, shi ya sa ake ba da ƙwayoyin ƙarin jini da na folik asid a wurin awo, kuma ana so a sha su kullum. Folik asid yana da nasa sirri: lakar baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san ta ɗauki ciki ba. Don haka ganye kore, da wake, da gyaɗa abinci ne na amarya tun kafin ta fara laulayi. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a je awo sau takwas a maimakon huɗu, kuma a can ne ake ba da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ma babban ɓarawon jini ne. Kai maigida, kuɗin motar zuwa awo yana cikin kuɗin noman bana, ka ware shi kamar yadda kake ware na taki.

Game da yawan abinci, daga wata na huɗu mai ciki na bukatar ƙarin ɗan ƙaramin abinci sau ɗaya a rana bisa wanda ta saba, mai shayarwa kuma sau biyu. Wasu mata kan rage ci wai kada jariri ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan kuskure ne, domin ƙaramin jariri ya fi shiga haɗari, uwar da ta rame kuma ba ta da ƙarfin naƙuda. A kuma yi amfani da gishiri mai sinadarin aidin, wanda doka ta wajabta a Nijeriya tun 1993. Dattawa a ƙasar tuddai irin tamu sun san maƙoƙo, amma abin da ba a gani da ido shi ne yadda rashin aidin ke daƙile basirar ɗan da ke ciki. A ajiye gishirin a rufe, nesa da murhu da rana.

Albarkar da ke gonakin Filato

Kada ka raina acca don ƙanƙantar ƙwayarta. Tana da wasu sinadarai masu gina jiki da wake ba shi da su sosai, shi kuma wake yana da wanda ita ta gaza a kai, saboda haka haɗa su a kwano ɗaya yana ba da abinci mai kusantar darajar nama. Tamba kuwa ta fi duk hatsinmu sinadarin gina ƙashi da haƙori, ta ninka masara da shinkafa sau da yawa. Gwaten da iyayenmu ke yi da tsakin acca ko na masara, da yakuwa, da alayyafo, da gauta, abinci ne da ya kusa cika. Abin da ya rage masa shi ne wake ko dakakkiyar gyaɗa, da ɗan manja ko man gyaɗa, domin bitamin A da ke cikin ganye da karas da kabewa ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. A zuba ganyen a ƙarshen girki, kuma a rage kanwa, domin tana lalata wasu bitamin.

Bincike ma ya ƙaro mana iri. Masarar SAMMAZ 14 da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar tana da furotin mai inganci fiye da masarar da muka saba. Akwai kuma masara mai launin ruwan lemo mai ɗauke da bitamin A, wadda aka fara fitarwa a Nijeriya a 2012, da dankalin Hausa mai cikin ruwan lemo daga cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike, wadda reshenta na dankalin Turawa yake nan Kuru. Dankali guda matsakaici na wannan iri, dafaffe, ya ishi ƙaramin yaro bitamin A na yini, kuma ganyensa ma miya ne. Mace na iya dasa shi a kunya biyu ko uku a bayan gida. Na san wasu magidanta kan ƙi tuwon masara mai launi, su ce ido bai saba ba. Shawarata ita ce a fara da kunun yara da na mai ciki, su manya sa biyo baya.

Sai waken soya, wanda a ganina babu amfanin gona da ya kai shi muhimmanci ga gidan mai ƙaramin ƙarfi. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayarsa furotin ne, kashi 20 kuma mai. Amma ba a cin sa ɗanye ko da rabin dahuwa, domin yana da wani sinadari da ke hana jiki narkar da furotin, kuma zafin wuta ne kaɗai ke kashe shi. A tsince shi, a zuba shi a tafasasshen ruwa ya yi kamar minti 25 zuwa 30, a murje ɓawon, a shanya ya bushe sarai, sannan a soya shi sama-sama. Jefa shi kai tsaye cikin ruwan da ke tafasa yana rage gafin nan da ke sa yara ƙin sa.

Nono, sannan kunu mai kauri

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi, wato ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya, shi ne rigakafin farko na yaro, kada a matse shi a zubar. Daga nan har wata shida nono zalla ya ishe shi, ba ruwa, ba jiƙo, ko a watan Maris da zafi ya tsananta, domin mafi yawan nono ruwa ne. Zuma kuma a jinkirta ta sai ya cika shekara. Ita mai jego a kula da ita. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kunun gyaɗa, da kunun tamba, da farfesu, da wadataccen ruwan sha sun fi mata amfani.

Da yaro ya cika wata shida nono ba ya isarsa shi kaɗai, ko da yake za a ci gaba da ba shi har shekara biyu. A nan ne gidaje da yawa ke tuntuɓe. Cikin yaro mai wata takwas bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Idan aka cika shi da koko tsararo, an cika shi da ruwa ne, yaro zai ƙoshi ya yi barci alhali jikinsa bai sami abin gini ba. Ma'aunin kunu mai kyau shi ne ka ɗebo a cokali ka karkata, ya tsaya bai zube nan take ba.

Ga haɗin da malaman gona mata za su iya koyarwa a kowace ƙungiya, wanda ake kira Tom Brown: gwangwani shida na hatsi, ko masara, ko gero, ko dawa, ko a gauraya har da acca da tamba, da gwangwani uku na waken soya da aka sarrafa kamar yadda na bayyana, da gwangwani ɗaya na gyaɗa. A soya kowanne daban, a haɗa a niƙa, a tankaɗe, a zuba a mazubi mai murfi. Kada a niƙa fiye da na mako biyu ko uku, domin maiƙon da ke ciki yana sa gari ya yi ɗaci. Wajen damawa a ƙara ƙaramin cokali na manja, ko garin busasshen kifi, ko garin zogale da aka shanya a inuwa. Wata rana a marmasa masa dafaffen ƙwai, ko dankali, ko fiya, ko ɗan yankin hanta da aka dafa aka murje. Maganar nan da ake yi cewa yaron da aka ba ƙwai zai tashi ɓarawo, ban taɓa ganin wanda ƙwai ya sa sata ba, amma na ga gidaje masu kaji da ke sayar da kowane ƙwai su sayo biskit.

Idan uwa ta ce ɗanta ba ya iya haɗiye kunu mai kauri, akwai dabara daga rumbunmu. A jiƙa gero ko masara kwana ɗaya, a shimfiɗa a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwana biyu ko uku har ya tsiro, a shanya ya bushe, a murje tsiron da saiwar a fece su gaba ɗaya, musamman idan dawa ce, sannan a niƙa. Ƙaramin cokali ɗaya na wannan gari, idan aka zuba a kunu mai kauri yana da ɗumi, zai tsinka shi cikin 'yan mintoci ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai a sake tafasa shi kafin a ba yaro. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin wannan aiki na tsiro. Yaro mai wata shida zuwa takwas a ba shi abinci sau biyu ko uku a rana, daga wata tara sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma a kwanonsa shi kaɗai domin a san abin da ya ci.

Gubar da ke ɓoye a rumbu

Wannan sashe naka ne kai tsaye, ya kai manomi. Masara da gyaɗa da ba su bushe sosai ba, ko aka shanya a ƙasa, ko ƙwari suka huda, suna kama wani funfuna da ke haifar da guba mai suna afulatoksin. Dahuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta, tana ratsa mahaifa, tana kuma fita a ruwan nono. Wani bincike da aka buga a 2002 a kan yara a ƙasashen Benin da Togo ya gano cewa yaran da suka fi yawan wannan guba a jini su ne suka fi tsumburewa. Abin da ke damuna shi ne al'adar nan ta tsince mai kyau a kai kasuwa, a bar rubabbiya da tsumburarriya a gida a yi ƙuli da kunun yara da ita. Wato mafi munin amfanin gonar yana tafiya ne ga mafi raunin mutanen gidan. A girbe a kan kari, a shanya a kan tamfol ko daɓe har ƙwaya ta riƙa ƙara idan an ciza, a tsince duk mai baƙi ko kore a ƙona, a jera buhuna a kan katako nesa da bango. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure. Wake kuwa a adana shi a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba.

Masu lambun rani da ke ban ruwa daga rafukan cikin gari ko tsofaffin kududdufan haƙar kuza su sani cewa ruwan da ya ratso unguwa ko mayanka yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da ƙwan tsutsar ciki. Latas da kabeji da karas da za a ci ɗanye a wanke su da ruwa mai tsabta sau da yawa, wanda za a ba yaro kuma a dafa. Mai ciki da mai shayarwa kada su yi feshi, kada su wanke kayan feshi, kada kuma a mai da galan ɗin maganin ƙwari abin ɗiban ruwa. Yaron da ke yawan gudawa ba ya riƙe abin da ya ci, don haka a tanadi ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki a gida, a kuma kai shi karɓar ɗigon bitamin A duk wata shida daga wata shida zuwa shekara biyar. Idan aka auna damtsensa da tsinken awo ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya gwada kunu.

Ga malamin gona

Idan ka je zagayen gonaki, ka ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ka saba: akwai mai ciki ko yaro ƙasa da shekara biyu a gidan nan? In akwai, ku zauna da maigida da uwargida tare ku ware rabon gida tun kafin dillali ya zo. Mudu huɗu ko biyar na waken soya a wata ya ishi kunun yaro da awarar uwarsa, kuma buhu ɗaya zai kai su wata kaka. Wannan ba ya bukatar babbar gona, kadada ɗaya bisa huɗu ma ta yi yawa. A yankin Jos ana shuka shi daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, a layuka masu tazarar santimita 50 zuwa 75, da kamar santimita 5 tsakanin tsiro da tsiro, a sa masa takin sufa wajen gyaran ƙasa. A girbe shi da zarar mafi yawan kwanson ya koma ruwan ƙasa, kafin iskar hunturu ta fasa shi ya zube a gona. Filin da ya tashi daga kai kuma a shuka masara a cikinsa baɗi.